Wankin hoto irin na su Kaka: abin da nake rubutawa tun daga hunturu

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na jawo akwatin ƙarfen Kaka daga ƙarƙashin gadon Hajiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, ba wanda ya taɓa ɗaga murfin. A ciki na tarar da kyamararsa Yashica-Mat mai ido biyu, da tankin wankin fim na baƙar roba da kwarkwaronsa, da farantai uku masu farin fenti duk sun ɓamɓare a baki, da ɗan sikeli, da gwangwanayen biskit biyu maƙil da negetif. Can ƙasa kuma ga littafin rubutunsa, bango ya rabu da jiki.

Kaka ya riƙe shagon hoto a Fagge tun ƙarshen shekarun 1950. Ni kuwa ban taɓa wanke fim ba a rayuwata, hoton waya kawai na sani. Niyyata ita ce kafin ƙaramar Sallah in haɗa ruwan wanki da hannuna yadda ya rubuta, in wanke fim ɗina, sannan in buga wa Hajiya wasu daga cikin tsofaffin negetif ɗin mahaifinta. Uwargida ta sakar mini ɗan sitor ɗin bayan kicin, bisa sharaɗin kada in taɓa mata tukunya ko cokali ko guda.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na wuni a kan littafin. Shafin farko ya rubuta D-76 da manyan baƙaƙe, wato sunan wata dibelofa, ruwan da ke fito da hoto a jikin fim, sai jerin sunaye huɗu da awonsu. Awon ne ya ɗaure mini kai, don ba giram ba ne, oza ce da wani ƙaramin awo na Turawan da, wanda guda 29 nasa ne ke tashi kusan giram 2. Da na juya lissafin sai ya fito daidai da haɗin da kamfanin Kodak ya fitar tun 1927: metol giram 2, sodiyam salfait giram 100, haidurokwinon giram 5, borakis giram 2, a cika da ruwa zuwa lita ɗaya. A wani wurin ya rubuta Elon maimakon metol, na ɗauka wani magani ne dabam, ashe sunan da Kodak ke sayar da shi ke nan. Ilford na Ingila su ma suna da irin wannan haɗi, sun kira nasu ID-11.

A gefen kowane shafi akwai 68 a zagaye. Zafin ruwa ne a ma'aunin Faranhait, digiri 20 ke nan a namu. Duk lokutan da ke cikin takardun fim a kan wannan lamba aka gina su, a ƙasashen da ruwan famfo ke fitowa da sanyinsa. Yadda Kaka ya samu 20 a Kano cikin watan Afrilu, shi ne ban gane ba tukuna.

Asabar, 11 ga Janairu

Na shiga Sabon Gari wajen masu kayan ɗakin gwaji na makarantu. Shagon farko na ce ina neman haifo, yaron ya fita da gudu ya dawo mini da ledar Hypo ta wanke fararen kaya. Da na saka fim a ciki ai da an yi jana'iza. Haifon masu hoto shi ne sodiyam tayosalfet, ƙwayoyi ne garai-garai kamar dakakkiyar ƙanƙara. Shi ke narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, hoto ya zauna daram. Wani Bature masanin taurari, John Herschel, shi ya gano haka tun 1819, kafin ma a san hoto.

Abin da na kashe: haifo kilo ɗaya ₦9,000, salfait rabin kilo ₦7,500, borakis ₦2,000, farin khal ₦1,800, ma'aunin zafi ₦4,500, kwalabe huɗu masu ruwan ƙasa ₦3,200. Jimla ₦28,000. Metol da haidurokwinon ban samu ba ko'ina. Na kira ɗan baffana da zai dawo daga Ingila ya taho mini da su, haɗe da fim da takarda.

Laraba, 15 ga Janairu

Na toshe tagar sitor da baƙar leda ninki uku, na rataya bargo a bayan ƙofa. Na rufe kaina minti goma, sai ga haske na tsiyaya ta ƙasan ƙofa da ramin makulli. Tsumma da tef sun gama da su. ₦6,000.

Asabar, 25 ga Janairu

Kaya sun iso: metol, haidurokwinon, fim ɗin Ilford HP5 Plus nadi biyar, wani fim mai arha nadi uku don gwaji, da takardar bugu 25. Da aka juya kuɗin zuwa naira ya tashi kusan ₦210,000. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Bayan la'asar na ɗora ruwa ya kai digiri 50, na auna mililita 750, na zuba magungunan bi da bi. Metol ake fara narkarwa, bayan an jefa ɗan tsunkule na salfait, domin in ka riga ka zuba salfait ɗin duka metol ba ya son narkewa. Duk na kiyaye. Na sa safar hannu ma, don metol yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma Hajiya ta ce yatsun Kaka kullum a fashe suke, faratansa kuma ruwan goro.

Da na gama ruwan ya yi ɗan ja-ja. Na ce wataƙila haka yake. Kafin sallar isha'i ya koma kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Lahadi, 26 ga Janairu

Akwai wani dattijo a Kurna wanda ya yi yaron shago a wurin Kaka yana saurayi. Yanzu ya haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kai garau. Na kai masa kwalbar da ragowar garin. Ya ɗaga kwalbar saitin rana, ya girgiza kai.

Ya ce, "Ɗan nan, wannan dibelofa ai ta mutu tun ba ta ga fim ba. Miƙo mini garin nan naka."

Ya sa na zuba rabin cokali a murfin kwalba, na ɗiga khal a kai. Ya kai hanci, ya miƙo mini. Ba abin da na ji sai tsamin khal.

"Da salfait ne da ka ji warin ashana ya bugi hancinka. Salfet aka ba ka."

Na ce, "Baba, ai harafi ɗaya ne tsakaninsu a jikin leda."

Ya ce, "To harafin nan shi ya ci maka kuɗi."

Salfait shi ke tare iska kada ta cinye metol da haidurokwinon, shi ya sa ake zuba shi har giram 100. Kuma yana ɗan lasar ƙwayoyin azurfa, hoto ya fito da laushi. Salfet ba ya yin ko ɗaya. Na ce zan zubar da shi, Baba ya ce in adana, ranarsa na nan tafe. Bai yi ƙarin bayani ba, ya shiga ba ni labarin yadda suke sayen ƙunshin M.Q., wato haɗaɗɗen garin dibelofa, a kanti, gari biyu a takarda ɗaya, ranar da ba su da lokacin awo.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na sayo salfait na gaskiya a wani shago, kilo ɗaya ₦12,000, na gwada shi da khal a gaban mai shagon. Warin ya sa shi atishawa. Sabon haɗi ya fito fari tas kamar ruwan sha.

Fiksa kuma, wato ruwan da ke zaunar da hoto, haifo ne giram 240 a lita ɗaya. Abin mamaki, ina juyawa kwanon na yin sanyi a hannuna har ya fara gumi. Haka haifo yake in yana narkewa, shi ya sa ake farawa da ruwa mai ɗumi. Ruwan tsayar da aikin dibelofa: khal kashi ɗaya, ruwa kashi uku.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Nadin farko. Na ɗauke shi jiya a tsakar gida, hoto 12, yara da akuyar maƙwabta da bishiyar darbejiya.

Bayan sallar asuba na tsoma ma'auni a randar Hajiya: digiri 19 da rabi. Sai na ji kamar Kaka ya yi mini magana. Ashe a hunturu randa ta gama maka rabin aiki.

Sa fim a kwarkwaro cikin duhu shi ne ya kusa sa ni kuka. Fim ɗin wannan kyamara, wanda ake kira 120, faɗi gare shi, ga shi liƙe da doguwar takarda a bayansa, in ka raba su sai ya nannaɗe kamar maciji. Hannuna ya yi gumi, kwarkwaron ya jiƙe, fim ya ƙi tafiya. Na fi minti ashirin ina fama, ƙaramin ɗana na buga ƙofa yana tambaya ko an kulle ni ne. Da ƙyar ya shiga.

Dibelofa minti 7 da rabi, ina kifa tankin sau huɗu a farkon kowane minti in ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki. Ruwan khal rabin minti. Fiksa minti 10. Ɗauraya. Da na warware fim ɗin saitin taga sai ga akuya, baƙa ta koma fara, tana kallona. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Aibu biyu. Hoto na uku da na huɗu suna da ɗan baƙin jinjirin wata, wurin da na lanƙwasa fim da babban yatsa. Na biyu ya fi ciwo: na shanya shi a baranda, ƙurar hunturu ta manne a jikin jelatin, wato fatar fim mai ɗauke da hoton, tun yana danye. Ta shiga ke nan, ba ta fita.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na yi atisayen kwarkwaro da lalataccen fim, ido a rufe, sau ashirin. Uwargida ta ce ta ɗauka tasbihi nake ja.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Nadi na biyu. Na shanya a banɗaki bayan na yayyafa ruwa a ƙasa da bango, na rufe ƙofa awa uku. Ba ƙura. Sai dai ruwan burtsatsenmu ya bar farin tabo inda ɗigo ya bushe. Daga yau ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir zan riƙa yi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba ni da na'urar faɗaɗa hoto, kuma ba na gaggawar saye. Bugun manne zan yi: a kifa negetif a kan takarda, a danne da gilashi, a kunna fitila a kashe. Hoto ya fito daidai girman negetif, santimita 6 sau 6. Ba abin rainawa ba ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, haka ya riƙa buga wa mutane hotunansu, illa dai nasa negetif ɗin 13 sau 18 ne, ya kusa tafin hannu biyu.

Ruwan takarda ya fi na fim ƙarfi. Kaka ya rubuta D-72: metol giram 3, salfait 45, haidurokwinon 12, sodiyam kabonet 80, fotasiyam buromaid 2, a lita ɗaya, a sirka kashi ɗaya da ruwa kashi biyu. Kabonet da buromaid ₦6,500, gilashi ₦2,500, jar fitilar bayan keke ₦3,000.

Kafin in amince da fitilar na gwada ta. A ƙasan akwatin Kaka akwai kwabo mai huji, na ɗora shi a kan guntun takarda, na bar jar fitila a kai minti biyar, na wanke. Sai ga zanen kwabo har da hujinsa, fari a tsakiyar toka-toka. Fitilar na cin takarda ke nan. Na mayar da ita can saman bango tana kallon rufi, na sake gwadawa, takarda ta fito fara fat.

Ganin hoto na tasowa a faranti, wannan kam sai wanda ya gani. Daƙiƙa ashirin ba komai. Sai idanu su fara fitowa, sai gashi, sai inuwar zane, kafin minti biyu mutum ya cika. Na yi ta kallo har na manta da agogo, guda biyu suka ƙone.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na buɗe gwangwanayen biskit. Na farko lafiya lau. Na biyu ina ɗaga murfi tsami ya doke ni kamar na buɗe kwalbar khal. Robar fim ɗin ce ke ruɓewa, wasu sun yamutse sun yi ƙoƙo. Wannan ciwo ba ya warkewa, kuma yana kama na kusa, don haka na ware su a ambulan dabam. Na duba gefen kowanne, yawanci an buga musu tambarin fim marar haɗari. Hankalina ya kwanta, domin irin na da, mai naitiret, wanda aka daina yi a farkon shekarun 1950, wuta yake kamawa kamar fetur.

Wasu negetif ɗin sun yi rawaya, wasu kuwa kamar jiya aka wanke su. Na tambayi Baba ta waya. Ya yi dariya ya ce masu rawayar na ranar Sallah ne da na fasfo, mutane tsaye a ƙofa, wa ke da lokacin sauya ruwa sau goma. Ga-ruwa ake biya tulu-tulu, kowane canji kuɗi ne. Haifon da ya saura a jiki shi ke cin azurfar a hankali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masu hoto a jiragen ruwan soja sun lura ruwan teku ya fi ruwan daɗi saurin fitar da haifo, daga nan aka samo dabarar tsoma takarda a ruwan salfait mai rauni, giram 20 a lita, kafin ɗauraya. Mu da ba mu da teku, wannan zan bi.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 8 ga Maris

Asarar da ta fi kowacce. Zafi ya shigo gadan-gadan, randa ta haura 25, ruwan tankin saman rufi kuwa da la'asar 36 na auna. Na ɗauki su Hajiya da jikokinta suna shirin buɗa-baki da fim mai arhar nan, haske ya yi kyau ƙwarai, na ƙagu in gani.

Wayo ya kama ni. Na sayo ƙanƙara ta ₦500, na kafa kwalbar dibelofa a ciki har ta sauko 20 cif. Fiksa ma haka. Komai ya tafi daidai, ina ta yaba kaina. Sai na buɗe tanki na kai shi ƙarƙashin famfo, na sakar masa ruwan rufi kai tsaye, na tafi shan ruwa. Da na dawo fim ɗin ya yi santsi a hannu kamar kuɓewa, gefensa ya fara saluɓewa. Bayan ya bushe na duba da madubin ƙara girma: fuskar Hajiya duk ta tsattsage ƙanana-ƙanana, kamar ƙasan tafki a bazara. Hoto 12, ba wanda ya tsira. Daga 20 zuwa 36 a daƙiƙa ɗaya, jelatin ya kumbura farat ɗaya ya yamutse. Laifina ne ni kaɗai.

Lahadi, 9 ga Maris

Na koma Kurna da fim ɗin. Baba ya shafa shi da yatsa, bai ko ɗaga shi sama ba.

"Ƙanƙara ka sa."

Na ce, "Ita ce, Baba."

"Mu ina muka ga ƙanƙara? Maigida randa uku gare shi a zauren baya, a kan jiƙaƙƙen yashi. Kwalaben magani a cikin randa suke kwana, a ɗaure da igiya a wuya. Ruwan ɗauraya ma daga nan. In 25 ne, to kowa 25 ne. Sai a rage lokaci. Kuma ba ma wanki da rana a bazara, sai ƙarfe huɗun dare."

Sannan ya ce in duba bayan littafin. Akwai shafin da na tsallake don tawada ta jiƙe, an rubuta "na zafi". A ƙasa: salfet. Giram 50 a kowace lita ta D-76 in ruwa na tsakanin 24 da 27. Aikinsa shi ne hana jelatin shan ruwa ya kumbura, kuma Kodak da kansu sun buga wannan dabara don masu aiki a ƙasashe masu zafi. Garin da na so zubarwa a Janairu ke nan. Baba ya ce, "Ban ce maka ranarsa na tafe ba?"

Ya ƙara da cewa alif suke sa wa fiksa don fatar fim ta yi tauri. Fim ɗin yanzu an riga an ƙarfafa shi tun daga masana'anta, amma wani ya fi wani, nasu na da kuwa ko farce ya gifta sai ya yage.

Asabar, 15 ga Maris

Na sayi randata, ₦4,000, don Hajiya ta ce ba ta yarda a jiƙa mata kwalaben guba a ruwan sha ba, kuma tana da gaskiya.

Na gwada fiksa mai alif, na ɓata lita guda. Na zuba khal a kan haifo kafin salfait, nan take ruwan ya yi fari kamar koko, yana warin farar wuta. Tsami yana fasa haifo in ba salfait a tsakani. Jeri shi ne haifo, salfait giram 15, tsami, alif giram 15 a ƙarshe. Karo na biyu ya fito garau.

Asabar, 22 ga Maris

Na tashi ƙarfe uku da rabi, kafin sahur. Randa 24 da rabi, kwalabe uku duk sun kwana a ciki. D-76 mai salfet, minti 6, nadin ƙarshe na fim mai arha. Ɗauraya da moɗa, canji takwas, duk daga randa. Ya fito sumul, ba tsaga ba saluɓa, sai dai ya ɗan fi yadda nake so duhu. Zan rage rabin minti.

Asabar, 29 ga Maris

Jajibiri, in an ga wata. Na buga tara daga negetif ɗin Kaka. Akwai wata yarinya 'yar kamar shekara bakwai, an ɗaura mata ɗankwali ya fi kanta girma, tana riƙe da rediyon shago. Hajiya ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta ce ita ce, kuma ɗankwalin na yayarta ne, ranar har duka ta sha a kansa. Ta saka hoton a cikin jakar carbinta.

Na so in yi musu ƙyalli yadda Baba ya kwatanta, a manna jiƙaƙƙen hoto fuska a kan gilashi, a matse ruwan, in ya bushe ya faɗo da kansa yana sheƙi. Huɗu na manna. Biyu sun faɗo kamar madubi, biyu sun liƙe sai da na jiƙa na kankare. Gilashin bai wanku sosai ba, ina jin.

Kuɗin da na kashe zuwa yau ₦272,000, ban da ƙanƙara da kuɗin a-daidaita-sahu. Saura HP5 nadi uku, takarda shida, haifo kusan kwata. Nadi ɗaya zan kai hawan Sallah. Bayan Sallah zan nemi kafinta ya yi mini firam ɗin bugu mai murfi a baya, don gilashin nan yana zamewa, sannan in fara da ambulan ɗin masu warin tsami, waɗanda suka fi yamutsewa su ne a gaba. Na ƙirga su ɗazu, 64 ne, takarda shida kuwa ko na yanka kowacce gida shida 36 kawai za ta ba ni. Na sake tura wa ɗan baffana saƙo.